Guɗa Bayan Sanarwar Rasuwa

Wata uku na gwaji aka ba ni a wani kamfanin talla, kuma tun satin farko na tsani manajanmu. Ɗan unguwar Kinkinau ne, amma shekara biyun da ya yi a Ingila ta sa yake kallonmu kamar ƙauyawa. Shi kaɗai ke rubutu da jan biro a ofishin, kullum yana soke a aljihun gaban rigarsa.

Aikina tsara jadawali ne: wane talla zai fita a wace tashar rediyo, wace rana, da ƙarfe nawa. Daga Malali nake shigowa kowace safiya, in wuni da rula da fensir. Ina son aikin, ina kuma matuƙar son a tabbatar da ni, don kawunnaina sun riga sun yanke cewa ba aikin mace ba ne.

Sai aka kawo tallan sabulun wanki na wani Alhaji Bakatsine. Kalangu ne da guɗa, ka ce amarya aka kawo. Na sa shi da hantsi, lokacin da mata ke tsakar gida suna wanki da rediyo a gefe. Manaja ya zare jan bironsa ya soke, ya mayar da shi da safe, da zarar an gama sanarwar rasuwa.

"Ranka ya daɗe, nan fa mamata ake ambata," na ce.

"Shi ya sa. Lokacin kowa kunnensa na kan rediyo. Ke layi aka ɗauko ki ja, ba koya min aiki ba."

Gaskiyarsa, kowa na ji. Amma ni na san yadda ake jin. A gidanmu in aka fara sanarwar, Inna ko cokali ba ta yarda ya yi ƙara, tana bin kowane suna da addu'a. Na sake kwafe jadawalin raina a ɓace, na sa hannu, tsohuwar takardar kuwa na jefa ta a durowa.

Sati na biyu da fara tallan, yayan Alhajin ya rasu. Yana zaune cikin masu makoki aka karanta sanarwar, kafin a shafa addu'a sabulunsa ya rangaɗa guɗa. Bayan sadakar uku ya hauro benenmu yana huci.

"Wa ya yi mani wannan wulaƙanci? A gaban dangina!"

Manaja ko kunya babu ya nuna ni. "Yarinyar nan ce, Alhaji. Sabuwa ce, ga sa hannunta."

Na san in na yi shiru, na ba da haƙuri, aikina zai tsira. Har na buɗe baki. Sai na ga manaja yana murmushi. Na jawo durowa, na ajiye tsohuwar takardar gaban Alhaji. Bai iya boko sosai ba, amma ya dubi jan layin, ya ɗago ya dubi aljihun manaja. Ya ɗauki hularsa ya sauka, ya janye tallansa duka.

Ranar Juma'a aka sallame ni, saura kwana tara in cika wata ukun. Kawunnaina suka samu abin faɗa har shekara ta zagayo.

Bayan shekaru, ina yanka albasa, na ji sunan manajan nan cikin sanarwar rasuwa. Na ce Allah ya jiƙansa, kamar yadda Inna ta koya min. Sannan na ajiye wuƙar, na kasa kunne in ji abin da zai biyo baya. Shiru aka yi, sai karatun Alƙur'ani. Wallahi har wannan sai da ya ba ni haushi.