Kunkurun Mai Sikeli

Shekara talatin da takwas mahaifina ya yi yana gyaran sikeli, har sunansa na yanka ya ɓace a bakin mutane, kowa sai Mai Sikeli. Shagonsa bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba, amma daga mahauta har masu sayar da zinare nan suke kawo abin awonsu. Yakan ɗora dutsen awo a tafin hannu, ya lumshe ido, ya ce, "Wannan an ci amanarsa." In aka gwada kuwa haka ne.

Da sikeli mai batir ya shigo, wanda in ya lalace sai dai a yar, ciniki ya mutu. Baba ya rufe shago, ya kai teburin aikinsa ɗakin baya, ya zauna a kujerar falo. Shekara biyu yana zaune. Magana sai an ja shi, wanka sai Mama ta yi faɗa. Likita ya gaya mana gaskiya, zaman nan ne zai gama da shi kafin hawan jini.

Abin da ya tashe shi abin dariya ne. Wani tsohon abokin cinikinsa ya kawo masa motar rimot ta wasa, tsawonta bai fi kamu biyu ba, irin wadda ba ta gudu, aikinta hawa duwatsu. Baba ya gyara, mai ita ya ce ya bar masa. Ya sa mata suna Kunkuru. A bayan gida akwai tarin duwatsun da suka rage daga gini, ya jera mata su hanya. Na ƙarshe wani ƙato ne mai doro, shi kuma ya sa masa Suruki. "Ba a tsallake shi," in ji shi, "sai dai a gaishe shi a koma."

Kullum bayan la'asar yana can da rimot a hannu. Tela, maƙwabcinmu, ya jawo kujera ya zauna don tsokana kawai. Kunkuru za ta hau duk sauran duwatsun, in ta zo kan Suruki sai ta maƙale, tayoyi na juyawa a iska. Sandar da ke riƙe tayoyi, wadda ake kira aksul, tana da wani ƙullutu a tsakiya, shi ne yake zama a kan doron dutsen. Tela ya ƙyalƙyale da dariya ya ce, "Mai Sikeli, yau ma tumbi ya hana!" Baba ya ce, "Saura kaɗan. Ka dawo gobe." Shekara shida ana haka, kuma a shekarun nan Baba ya koma cin abinci, ya koma surutu.

Ni ce 'yarsa ta uku. Gyaran na'urorin asibiti nake yi, shi ya sa yake kirana Injiniya. Hannunsa na gada, gaggawar kuma ban san inda na samo ta ba. Dariyar Tela tana ƙona mini rai. A ce mutumin da gari guda ya yarda da awonsa, dutse ya gagare shi? Na bincika a waya, na gano akwai wani aksul da ake ce wa fotal. Kowane ƙarshensa na da ɗan akwati mai ƙarafa masu haƙora, sai sandar ta ɗaga sama da tsakiyar taya, ƙullutun ya bar ƙasa. Na yi odar guda biyu ban gaya wa kowa ba.

Na jira ranar da aka kwantar da shi don cire yanar ido. Mama ta same ni a teburinsa na baje Kunkuru. Ta ce, "Ke, kin tambaye shi?" Na ce, "Mama, in na tambaya ai ba kyauta ba ce kuma." Na kwance notoci na zuba a murfin gwangwani, na cika akwatunan da giris, na ɗaura. Gwajin farko na danna gaba, mota ta yi baya, sai da na musanya wayoyin injin. Tsofaffin aksul ɗin na duba su, ƙullutun ya side har yana ƙyalli, ya yi siriri kamar ɓawon ƙwai. Na ce a raina duwatsu sun cinye su. Da mai sayen tsoffin ƙarafa ya wuce da kurarsa, na jefa masa.

Kwana huɗu da dawowarsa na fito da ita, na aika a kira Tela. Baba ya karɓi rimot, ido ɗaya a rufe da auduga. Kunkuru ta iso gaban Suruki, ta ɗaga hanci, ta haye ta sauka kamar ta taka dakalin ƙofa. Ko ƙara ba ta yi ba. Na yi tafi ni kaɗai. 

Baba ya ɗauki motar ya kifa ta, ya daɗe yana shafa cikinta da yatsa. Ya ce, "Aiki ya yi kyau, Injiniya. Allah ya yi miki albarka. Tsofaffin fa?"

Na gaya masa. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Tela ne ya ja ni gefe ya ce, "'Yar nan, ba dutse ne ya cinye su ba. Shi ne. Duk mako sai ya sa magagari ya rage kaurin gashi ɗaya, ya auna a sikelin zinare, don kar ya fasa. Ya ce kafin shekara ta fita zai haye."

Washegari bai fita ba. Jibi ma haka. Tela ya zo sau uku da kujerarsa, ya ga ba abin da zai yi wa dariya, ya daina. Na tara wasu duwatsu mafi tsayi, Baba ya leƙa ta taga ya ce sun yi kyau, ya koma falo. Na bi wuraren masu tsoffin ƙarafa har uku, ana ta kallona kamar mahaukaciya. Tun da nake ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na makon nan ba.

Daga ƙarshe na sayo aksul irin na da, sabo fil, mai ƙaton ƙullutu. Na kama hannunsa na kai shi ɗakin baya, na ɗaure masa shi a tebur. Na ce, "Baba, ka yafe mini. Mu fara daga farko."

Ya zauna, ya ɗauki magagari, ya ɗora a kan ƙarfen. Bakin magagarin ya shiga rawa, yana ƙwanƙwasa ƙarfe shi kaɗai. Ya sa ɗayan hannun ya danne, duka biyun suka ci gaba da kakkarwa. Na san tsufa ya sa hannunsa rawa, amma ban san ta kai haka ba, riƙon rimot ne yake ɓoye ta. Ya ajiye a hankali.

"Na yafe miki tun ranar," ya ce. "Amma hannun da ya fara wancan ba ya nan, Injiniya. Ki kai ni falo."