Lambar da ke jikin jakarta

Shekarata goma sha tara da shago a bakin tashar Karaye. Ina sayar da sabulu da sukari, amma da ajiyar saƙo aka san ni. A wajenmu saƙo ba ya zuwa ƙofar gidan kowa, inda kwalta ta ƙare nan direba yake sauke nauyinsa. Na mutanen Yola ta nan kusa da mu wurin mai kemis ake jibgewa, na Rogo wurin wani mai faci, na Kafin Dafga da ƙauyukan bayanta kuwa ni ne. Buhun taki, batirin sola, atamfar biki, har kaji a kwando. Ƙa'idata ɗaya ce: kowane saƙo da lambar waya a jikinsa. Ka ce naka ne, in kira lambar a gabanka. Ta yi ƙara a aljihunka, kwashi kayanka. Ba ta yi ba, ko kai wane ne sai haƙuri. Har cika baki nake yi da wannan ƙa'ida.

Wata Laraba da hantsi wani direban hanyar Rogo ya dire min jaka mai zif, an manna mata salatif da lamba. Sannan ya dire yarinya 'yar shekara uku, tana tsotson guntun rake.

"Daga Gwangwan," in ji shi. "Uwar ta rasu. Baffanta zai zo daga Kafin Dafga kafin la'asar."

Na ce, "Kai, mutum ce fa! Da sabulu zan jera ta?"

Ya yi dariya ya ja motarsa.

La'asar ta wuce ba baffa. Na kira lambar, tana shiga ba a ɗauka. Da na rufe shago na saɓa yarinyar muka tafi gida. Mai ɗakina, shekararmu goma sha ɗaya Allah bai ba mu haihuwa ba, ko tambaya ba ta yi ba. Ta ɗora ruwan wanka.

Kada wani ya ce na yi shiru na riƙe 'yar mutane. Na hau acaɓa har Kafin Dafga, aka ce baffan ya tafi cirani kudu. Na je Gwangwan, uban ya sunkuyar da kai a gaban mai unguwa ya ce, "Ku riƙe ta, Malam, har ɗan'uwana ya dawo. Allah ya biya ku." Ba takarda. Wa yake neman takarda a kan riƙo? Abin kunya ne ma. Shekara guda cur ina kiran lambar nan duk Juma'a. Daga baya na ce wa kaina wayar ɓata ta yi, na daina. Gaskiyar magana, tsoro nake kada wata rana a ɗauka.

Shekara bakwai! Mu muka yi jinyar ƙyandarta, mu muka sa ta makaranta. Direbobi suka laƙaba mata 'yar saƙo, na yi rantsuwa duk wanda ya sake faɗa ya nemi wani wurin ajiyar. Baba take kirana. Da idona ya fara rauni, ita ke karanta min lambobin in ta taso daga makaranta, ni ina dannawa.

Bara, bayan an cire gyaɗa, wani mutum ya kafe babur a ƙofar shago. Ya gaishe ni, ya tambayi iyali, ya tambayi kasuwa, ya sha ruwana. Sannan ya ce shi ne baffan, ya zo ɗaukar ajiyarsa. Matarsa ta haifi tagwaye, hannu ya yi musu kaɗan.

Na ce ban san shi ba. Murya ta tashi, 'yan tasha suka taru. Sarkin tasha, mutumin da muke cin tuwo kwano ɗaya, shi ya ce, "Haba Malam, kai da ƙa'idarka? A kira lamba mana."

Na aika gida aka kawo jakar. Wallahi da ƙwarin gwiwata, don wane layi ne zai kai shekara bakwai a hannun ɗan cirani? Rubutun ya dushe, na kasa gani. Yarinyar ta matso kamar kullum, ta karanta min ɗaya bayan ɗaya, ba ta san me take karantawa ba.

Wayar ta yi ƙara a aljihunsa.

Ya zaro ta ya duba, ya yi murmushi. "Ai ina da lambarka, Malam. Ga shi, mai shago na rubuta."

Na ce, "Ashe kana gani? Duk Juma'ar nan kana gani?"

Ya ce, "To in ɗauka in ce me? Lokacin ƙarama ce, wa zai yi fama da ita?"

Uba ya yarda, jini nasu ne, mai unguwa ma cewa ya yi riƙo ba haihuwa ba ne. Aka ɗaure jakar a bayan babur, yarinyar a tsakiya. Tana ta waiwaye tana cewa, "Baba, yaushe zan dawo?" Na juya na shige shago. Har yau ban yafe wa kaina ba, su ma ban yafe musu ba.

Da azumi mai ɗakina ta ɗinka mata kayan Sallah, ta haɗa da takalmi da man kitso. Ta ce in ba wa direba ya kai mata. Na ce, "Ya kai ina? Saƙon Kafin Dafga ai nan ake sauke shi." Zuwa da kaina kuwa baffan ya hana, wai ina ɗauke mata hankali.

Na manna salatif na rubuta lambarsa, na ajiye ƙullin tsakanin buhun taki da kwalin wani. Wata biyar ke nan. Duk Juma'a ina kira, tana shiga, ba a ɗauka. Takalmin ma yanzu ya yi mata kaɗan.