Gurbinsa a Tashar Funtua

Maigidana direban tasi ne. A motarsa na fara ganinsa, ina budurwa, za ni biki Malumfashi. Sau ɗaya ya dube ni ta madubi, ni kuwa da na ƙoshi da littattafan soyayya na ce a raina, shi ke nan, alƙalami ya bushe. Bai iya kalaman da nake karantawa ba. Tasa soyayyar rake ce, da yakan sayo mini a hanya ya feraye da kansa.

A tashar Funtua layi ake bi wajen lodi, kowane direba da gurbinsa. Nasa na gaba-gaba ne, gadon mahaifinsa. Dokar ƙungiya kuwa ita ce, wanda ya bar layi don ra'ayin kansa, idan ya dawo sai dai ya tsaya bayan wanda ya shigo jiya.

Sai ga motocin da ake kira ta waya, aka ce hukuma ta yarda su yi aiki tare da tasi. Ma'aikata da matan gida suka rage zuwa tasha. Yakan kai azahar bai cika mota ba. Ni na matsa masa, ba zan ɓoye ba. Na hango shi cikin farar shadda, a mota mai sanyi, kamar jaruman da nake mafarki.

"Malam, ka gwada mana. Yayana ya ce zai ba ka motarsa."

"Ni da waya ai sai a hankali."

"Wayar za ka tuƙa?"

Ya yi dariya, sannan ya ce to. Ranar da ya je sallama, abokansa suka yi ta tsokanarsa: "Alhajin waya! In cajin ya ƙare ka aiko, mu zo mu tura ka!"

Tuƙi kam ya iya. Abin da bai iya ba shi ne wuce mai tafiya a ƙasa alhali akwai wuri a mota. Haka ya taso ya gani. Sau biyu kamfanin motocin wayar yana aiko masa gargaɗi, ni ke karanta masa, yana cewa ai sun fahimce shi baibai.

Wata ranar damina wani ma'aikaci ya kira shi zuwa Maska. Suna cikin tafiya ruwa ya sauko, sai ga wata tsohuwa a gefen hanya, ƙullin kaya a ka, zani ya manne mata a jiki. Ya taka birki.

"Iya, ina za ki? Shigo."

"Direba, mene ne haka?" in ji mutumin. "Ni na kira motar nan. Tawa ce har in sauka."

"Ranka ya daɗe, kujera uku babu kowa. Kuma ruwa ake yi."

Tsohuwa ta shiga tana zuba addu'a. Mutumin kuwa sai danna waya yake. Washegari da safe maigidana ya miƙo mini tasa wayar. Na karanta sau biyu kafin na iya faɗa masa: mutumin ya kai ƙara, kamfanin ya dakatar da shi daga aiki. Ya tambaye ni ina ofishinsu, ya tafi da dattawa a ba da haƙuri. Na ce babu ofishi, Malam. Ya ce to wa ke shugabansu? Na mayar masa da wayarsa.

Kwana tara ya yi a gida kafin ya wanke tsohuwar motarsa ya koma tasha. Shugaban ƙungiya abokinsa ne tun ƙuruciya. An ce shugaban bai iya haɗa ido da shi ba, ya ce dai, "Ka san doka, ɗan'uwa. Da mahaifinka aka kafa ta." Maigidana ya ce ya sani. Da hannunsa ya rubuta lambar motarsa a ƙarshen allo.

Har yau bai taɓa ce mini ke kika jawo ba. Da ma ya faɗa, ko na samu in yi kuka a gabansa.

Rannan na wuce ta bakin tasha a keke-napep, la'asar ta kusa. Na hango shi can ƙarshen layi, kusa da masu faci, yana goge gilashin da babu datti a jikinsa. Na ja mayafi na rufe fuskata don kada ya san na gani.