Glenys Pohlner, Matar da Ta Ƙi Toshe Ramin Kwano

Ranar Laraba da ranar Asabar, tun fararen akun nan ba su gama surutunsu na safe a kan bishiyoyin turare ba, tsohuwar a-kori-kurar Glenys Pohlner take tsayawa a ƙofar filin harbi na garinmu Tarrawong. Ba ta buɗewa nan take. Sai ta fara jujjuya kwaɗon tana dubansa kamar ya yi mata laifi. Daga nan ta bi shinge a ƙafa, tana ɗingisa ƙugun da likita ya gaji da yi mata faɗa a kansa. Ta zagaya bayan tudun ƙasar da ke tare harsashi, ta zagaya bayan rumfar kwano, ta leƙa makiyayar maƙwabci ta ga inda tumaki suke. Sai ta gamsu sannan ta ɗora ruwan shayi.

Haka take yi tun wasunmu ba su kai tsayin bindiga ba, kuma ba wanda ke biyanta. Ita ce mai kula da fili. In ta ce a fara a fara, in ta ce a ajiye, ko yatsanka na kan kunama sai ka ajiye. Yanzu ta ajiye aikin, shi ya sa nake wannan rubutu.

Ba zan yi muku ƙarya ba, Glenys ba ta da daɗin sha'ani. Ba ta yarda da kowa ba. Col Brereton, shugaban ƙungiyarmu, mutumin da gashinsa ya yi fari a kan harbi, zai zo da bindigarsa ya ce mata, "Babu komai a cikinta."

"Buɗe in gani."

"Haba Glenys, aji ɗaya fa muka yi a firamare."

"Shi ya sa na ce ka buɗe."

Ba ta yarda da masu sayar da bindiga ba, ta ce in an bar su har kare sai sun sayar wa. Ba ta yarda da masu yin doka a Melbourne, babban birnin jiharmu, ba, ta ce mutanen da ba su taɓa ganin zomo ya cinye gona ba su ne ke koya mana riƙon bindiga. Mijinta marigayi ma, da bakinsa ya ce sai da ya shekara goma a gidan kafin ta bar shi ya kulle ƙofa bai ji ta taso ta sake dubawa ba.

Filin nan ba namu ba ne. Aro ne daga Lindsay Hartwig, manomin da gonarsa ta kewaye mu ta baya, kuma tun zamanin ubansa akwai al'ada tsakaninmu da gidansu. Asabar ranar bindigar albarushi ce: a ɗaga jar tuta, a yi harbi wajen tudun ƙasa, Lindsay ya ga tuta, ya ji ƙara, ya yi nesa da wurin shi da dabbobinsa. Laraba ranar bindigar iska ce. A cikin rumfar kwano ake yi, yara da tsofaffi, da 'yar ƙwayar dalma da ba ta kai ƙwayar alkama biyu ba, wadda farantin ƙarfe ke tarewa. Ba a ɗaga tuta, don ba abin da ke fita. Saboda haka ranar Laraba Lindsay ke bin bayan rumfar yana duba ruwan tumakinsa. A kanmu magana ta zauna daram: albarushi tudu, iska rumfa. Ba wanda ya taɓa tunanin za a zo da iskar da ba ta dace da rumfa ba.

Darcy ne ya zo da ita. Darcy Ruddock, ɗan marigayi ƙanen Glenys, yaron da ta goya rabin ƙuruciyarsa. Sana'arsa kafa shinge da harbe wa manoma aladun daji da dila. Wata Laraba ya shigo da doguwar jaka da tukunyar iska irin ta masu nutso a teku, yana murmushi kamar ango. Ya fito da bindiga, ya ajiye dalmarta a tebur. Kaurinta ya kai kan ɗan yatsa.

Maza suka yi caa a kanta. Glenys ta ɗauki dalmar ta auna a tafin hannu.

"Mene ne wannan?"

"Bindigar iska ce, Gwaggo. Ba albarushi, ba hayaƙi. Alade take kayarwa."

"Harbi nawa kafin iskar ta ƙare?"

"Kamar huɗu masu ƙarfi."

"In aladun biyar ne fa, na biyar ya tsaya ka sha iska?"

Aka yi dariya, har da Darcy. Ya ce ƙararta ba ta kai ta albarushi ba, ba ta razana dabbobi kusa da gidaje, kuma shi da kansa zai riƙa narka dalmarsa. Ta ce tsohuwar bindigar ubansa tana yin duk wannan aikin ba tare da ya yi dakon tukunya ba. Sannan ta faɗi abin da ke cinta.

"Ka saurare ni, Darcy. Mutanen Melbourne ba su san bambancin wannan da ta yaran nan ba. Ranar da ɗaya irin taka ta yi ɓarna, za su rubuta 'bindigar iska' su yi mana kuɗin goro. Kai ka yi wasanka, yaran nan su biya."

Col ya sa baki. "To amma dai iska ce, Glenys. Yau kuma Laraba."

"Ba a rumfata ba. Ya dawo Asabar, a ɗaga tuta, ya je tudu."

Darcy ya ce Asabar yana daji wajen aiki. Ta ce to ya bar ta a jaka. Ya mayar da ita yana gunaguni cewa Gwaggo ko cokali aka kawo sai ta ce a buɗe ta gani.

Bayan Kirsimeti aka kwantar da ita a asibitin birni aka yi mata aikin ƙugu, mabuɗi ya koma hannun Col. Abin da ya faru bayan nan kowa ya san shi yanzu. Wata Laraba da zafin Janairu, tsakiyar bazara a ƙasarmu, ya hana yara zuwa, manya kaɗan suka rage a rumfa, aka ce Darcy ya ɗan gwada bindigar tasa a gani. Suka jingina guntun katako a gaban farantin ƙarfe, wai don ƙarin tsaro. Ba mugunta suka yi ba. A kansu iska ce, kuma iska rumfa. Harbi na biyu ya kauce wa farantin. Suka dubi juna, suka leƙa waje ba su ga kowa ba, suka jawo tsohon kabad suka rufe wurin.

Kabad yana rufe rami daga ciki ne kawai. Ranar da Glenys ta dawo, tana dogara sanda, ta yi zagayenta na bayan rumfa, ta tsaya. Rami a jikin kwano, leɓensa ya turo waje. Ta sa ido ta bi inda ya nufa, ta ratsa shinge da ƙyar, ta je har kwamin ruwan tumaki. Bututun da ke kai ruwa sabo ne fil, an canja shi kwanan nan. A jikin gungumen da ke bayansa ta tono dalmar da wuƙar aljihu, ta baje kamar murfin kwalba.

Ta riga ta ji labari a kanti cewa bututun Lindsay ya fashe lokacin da yake tsakar girbin alkama, tanki ya tsiyaye, tumaki da dama suka mutu da ƙishi kafin ya ankara. Shi ya ɗauka rana ce ta cinye robar. Ba ya zargin kowa.

Ta tara 'yan ƙungiya a rumfar, ta ajiye dalmar a tebur, ta zauna. Col ne ya fara.

"An yi kuskure, ba mu musa ba. Amma ba wanda ya ji ciwo. Mu toshe ramin, mu hana ta shiga rumfa har abada, magana ta mutu a nan. Ke kika ce suna jiran dalili a Melbourne. Yanzu ke za ki kai musu a faranti?"

"Na faɗa, kuma har yanzu ina tsoronsu."

"To?"

"To Lindsay fa? Laraba mai zuwa zai tsuguna a gindin bututun nan, don mun ce masa in ba tuta ba haɗari. Mun karya maganar, shi bai sani ba."

Darcy ya matso. "Gwaggo, in 'yan sanda suka shigo, lasisina ne. Ba lasisi ba aiki. Kin san yarana."

"Na san su. Ni na yi musu wankan farko." Ta dube shi. "Ka zo mu je tare ka faɗa masa da bakinka. In ba za ka iya ba, ni zan je."

Bai je ba. Wadda ta kai ta a mota, don ba a yarda ta yi tuƙi ba tukuna, ta ce Glenys ta yi kuka tun daga ƙofar fili har ƙofar gonar Hartwig, sannan ta share fuska ta fita. Tana son yaron nan fiye da kowa a duniya, kuma ta san abin da za ta jawo masa.

Lindsay yana gyaran injin girbi ta miƙa masa dalmar. Ya jujjuya ta.

"Ta wace bindiga ce?"

"Ta iska."

"Kar ki raina mini hankali, Glenys."

"Ban taɓa ba. Daga rumfarmu ta fito, ranar Laraba. Ita ta kashe maka tumaki."

Ya zauna a kan taya. Da ya yi magana, cewa ya yi ranar da abin ya faru ya so ya je duba ruwan, injin ne ya lalace ya riƙe shi. Ya tambaye ta wa ya aiko ta. Ta ce ba kowa. Daga can ta wuce ofishin 'yan sanda ta kai rahoton filin da ita ke kula da shi.

Abin da ya biyo baya ba daɗi. Aka rufe rumfar kusan shekara, sai da muka gina bangon bulo a bayanta. Yaran da ke shirin gasa suka rasa wurin koyo, wasu ba su sake dawowa ba. Aka riƙe lasisin Darcy watanni, manoma biyu suka ba wani aikinsa. A kanti mutane suka riƙa kau da kai suna duba kaya in ta shigo. Aka ce ta tona asirin gida, aka ce tsufa ne, aka ce dama can tana jin haushin an yi abu ba ta nan. Darcy ya sayar da bindigar, kuma tun daga lokacin bai sake cin abincin Kirsimeti a teburinta ba. Har yau tana ajiye masa kujera.

Ko bindigar ta cancanci wahalarta? Masu ita a wasu garuruwa suna yabonta ƙwarai, kuma ban ce ƙarya suke ba. Ni dai abin da na gani shi ne abu mai ƙarfin bindigar albarushi yana yawo da sunan ta yara, kuma sunan ne ya rufe wa manyan mutane ido. Doka kuwa, duk shekara sai an yi raɗe-raɗin za a ƙara matse ta. Glenys ta ce za su yi, ko ba yau ba. Ba ta taɓa cewa abin da ta yi zai hana su ba.

Ke ce, Glenys, kika yi shekaru ana yi miki dariyar rashin yarda da mutane, ashe ke kaɗai ce a cikinmu za a iya yarda da ke. Ke ce kika tsaya wa mutumin da ba ya cikin ɗakin, ba ɗan ƙungiya ba, ba danginki ba, a kan ɗan da kika goya. Mai ido a bayan rumfa. Ba mu gode miki a lokacin ba, wasunmu ma gaisuwa suka hana ki. Yau muna godiya, ko da ta zo a makare.

Asabar da ta wuce aka yi mata walimar sallama, da gasasshen nama a burodi da kek ɗin matan coci. Lindsay ya zo, shi da bai taɓa shiga taronmu ba. Col ya gama jawabi, ya ce tun da maƙwabcinmu yana nan, muna fata aron fili zai ci gaba. Lindsay ya ajiye kofinsa.

"Ranar da ta kawo mini dalmar nan na yi niyyar korarku," in ji shi. "Na fasa ne don na ga akwai mai zuwa ta faɗa mini. Yanzu wa zai zo?"

Maza suka koma kallon takalmansu. Wani ya ce Glenys ta zaɓa da kanta, wa ta yarda da shi?

"Babu," ta ce. "Ni ma ba don an yarda da ni aka ba ni mabuɗin ba. Kowa ne ya gudu."

Lindsay ya ba mu zuwa ƙarshen lokacin sausayar ulun tumaki mu kawo masa mutum. Ba gwanin harbi yake nema ba, waɗannan muna da su har sun yi yawa. Wanda zai iya cewa a'a ga abokinsa ake nema, wanda zai jure a ɗauke masa kai a kanti. Ku da kuke karanta wannan, kun san kanku. Ɗaya ya tashi ya karɓi abin da matar nan ta ɗauka ita kaɗai. In ba a samu ba, baɗi sha'ir za mu gani a inda 'ya'yanmu suka koyi saiti, kuma ba mutanen Melbourne ne suka rufe mu ba.