Zane Uku a Kumatu

Tun ina ƙarama Allah ya yi ni da bin diddigi, shi kuma babana ba ya son tambaya. Da na matsa masa sai ya kama hancina ya ja, ya ce, "Nozi faka!" Wai haka Turawa ke tsokanar mai shisshigi. A garin Bur Sudan na bakin teku ya tsinto kalmar, inda ya yi wa wani Bature kuku kafin su samu kuɗin tsallako teku da mahaifiyata. Ni a unguwar Tandabawi ta ƙasa mai tsarki aka haife ni, don haka duk abin da ya faru a hanya labari ne a wurina, labarin kuwa an hana ni.

Duk shekara idan alhazan ƙafa suka fara isowa, sai ya rufe shagon ɗinkinsa ya tafi masaukinsu. Ba ya cigiya, fuskokin samari kawai yake bi da kallo ɗaya bayan ɗaya. In na ce, "Baba, wa kake nema?" sai hancina ya sha ja. Ina dariya, amma raina na ɓaci.

Bayan yaƙin duniya na biyu idonsa ya mutu. Da aikin hajji ya gabato, ya kira ni da hantsi, ya ɗora yatsana a kumatunsa, ya bi da shi kan zane uku na gidansu.

"Ya binti, 'yata, kina da wa, yaya namiji," ya ce. "Zazzaɓi ya kama shi a Sudan, ayari ba ya jira, muka bar shi hannun wasu bayin Allah. Na koma, sun tashi. Askarsa irin tawa ce. Halas, shi ke nan, yanzu ke ce idona."

Shekaru ina neman amsar nan, da ta zo sai na gwammace jan hancin.

Na riƙa zuwa masaukin, ina kallon kumatun maza har mata suka fara yi da ni. Kullum na dawo yana bakin ƙofa. "Kin duba da kyau? Har na bayan rumfa?" Ran nan sai na kama hancinsa na ce, "Nozi faka." Ya yi dariya har hawaye ya zubo, dariyar ta tsaya, hawayen bai tsaya ba.

Bai kai wani hajjin ba. Yau na tsufa, samari ma sun daina zuwa da aska a fuska. Tsofaffi nake dubawa yanzu.