Baƙon Cikin Huhun Goro

Jiya wani ɗalibi ya hawo mana bene a unguwarmu ta Madinat Nasr, nan ƙasar waje, da tsarabar goro daga gida, naɗe cikin ɗanyen ganye. Tun boren da aka yi a garin nan rabona da goro mai kyau, amma ƙanshin ganyen nan ya sa na kasa kai shi baki.

Ka san ni babban malami ne: aji uku na yi, na bar musu sauran. Ilmin ƙadangaru kuwa wurin kakana na ɗauka. Falken goro ne, da ya makance sai ya mai da ni idonsa. A tsarinsa gida biyu ne kacal. Tsaka gidanta daban, kashe ta lada ne. Ƙadangare da hawainiya da danginsu, su ba a taɓa su.

Wata damina aka kwance huhun goro daga kurmi a zaurenmu, sai ga wani abu ya fito daga cikin ganyen, kore shar, siriri, jelarsa ta ninka jikinsa. Tafiya ta galabaitar da shi, ko gudu bai yi ba. Babu wanda ya san sunansa.

Kaka ya ce, "Kai aboki, duba yatsunsa. In masu faɗi ne, tsaka ce. In da farata, baƙo ne, a ba shi ruwa."

Na duba. Farata ne, zara-zara. Amma sabon danƙona na aljihu, kwana uku bai harbi komai ba. Na ce, "Masu faɗi ne, Kaka."

Dutse ɗaya ya ishe shi.

Sai tsohon ya miƙo hannu, ya ce a ɗora masa. Ya bi ƙafar da babban yatsa, a hankali. Bai tsawata ba. Ya sa aka binne shi a gindin lemo. Washegari da za a ware farin goro da ja, ƙanwata ya kira. Ita ya ci gaba da kira har ya rasu.

Jikata mai karatun dabbobi ta ce nasu tsarin ya wuce gida biyu, kowane da suna mai tsawon igiyar guga. Na kwatanta mata baƙon, ta ce dangin ƙadangare ne, ma'alish Kaka, a yi haƙuri, ya wuce.

Yanzu nawa idon ya yi hazo. Ita ke duba min lambar mota da rubutun kwalbar magani. Duk abin da ta faɗa, tamam nake cewa, wato daidai ne. Rubutu dai ba ya lalubuwa.