Ushirin Mai Sayen Fata

Shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba, ina da jakuna uku, da mata, da 'ya ɗaya da ba a daɗe da yaye ta ba. Sana'ata jigilar fatu daga kasuwar Gwandu zuwa Kalgo, wurin wani mai saye da ya zo daga kudu. Kirista ne, shi ne na farko da na taɓa zama da shi a tabarma ɗaya. Mutanen gari suna ce masa Akawu, ni kuwa ina ce masa Maigida.

Yana da wata al'ada da ke ba ni dariya. Duk ribar da ya samu sai ya ware ɗaya cikin goma ya jefa a gwangwani. Na taɓa tsokanarsa, na ce ko na ƙarin aure ne. Ya ce a koyarwarsu mutum ba shi da ko anini. Dukiya ta Allah ce, mu masu jira ne, kamar wanda aka bar wa gida aka yi tafiya, kuma mai gidan zai dawo ya tambaya. Na ce ai mu ma mun san wannan. Ya ce sani daban, buɗe hannu daban.

Kafin kaka jikin kowa ya ba shi cewa ba lafiya. Fatu suka yi yawa har suka rasa daraja, domin shanu mutuwa suke yi, ba yanka su ake ba. A hanyar Masama na ga mata suna tona gidan tururuwa neman ƙwayar hatsi. Ungulu suka daina tashi idan mutum ya matso. Na ji tsoro ƙwarai, amma ban gaya wa kowa ba.

Sai Maigida ya shirya komawa kudu, ya miƙo mini gwangwanin. Ya ce, "Ka sayi hatsi wurin masu jiragen ruwa. Duk wanda ka ga yunwa ta kama, ka ba shi. Kada ka tambayi addininsa, kada ka jira ya roƙa."

Ga inda cutata take. Ni mutum ne mai son a ce da shi mai amana, ina sonsa fiye da yadda ya kamata. A wurinmu mai rabo shi ke ɗauka a ƙarshe, in an rage. Na kuma san bakin mutanen Kalgo: in suka ga hayaƙi a gidana, gobe gari ya ɗauka cewa na cinye ajiyar baƙo. Saboda haka na rantse a raina ko ƙwaya ba za ta shiga tukunyata ba.

Na raba har Dangoma. Jakina ɗaya ya mutu a hanya, biyun na sayar da su a wulaƙance, kuɗin bai kai mu ko'ina ba. Muka koma cin bado da tafasa. Babba yana iya jure wannan, cikin yaro ba ya iyawa. Ƙafafun yarinyar suka kumbura, gashinta ya yi ja.

Wata safiya ina ɗaure buhun rabo, matata ta tsaya a bakin ƙofa.

Ta ce, "Malam, ɗiyar ga ko kuka ba ta yi yanzu. Ɗebo muna ƙwarya guda in dama mata kunu."

Na ce, "Ajiya ta, ba tawa ta ba. Bari in gama, abin da yar rage naku na."

"Mu ba mutane na ba? Mi munka yi maka?"

Na yi mata tsawa, na saɓa buhuna na fita. Ranar ba abin da ya rage. Ƙwaryar ƙarshe wata Bafulatana na ba, wadda shanunta suka ƙare, ta bi ni da addu'a har na sha kwana. Ba zan ɓoye ba, daɗin addu'ar nan na ji.

Bayan kwana huɗu, da hantsi, yarinyar ta cika.

Maigida bai dawo ba sai da damina ta zagayo. Na tarye shi da labarin rabo, gari gari, ina jiran yabo. Yana saurare, sai ya waiga ya tambayi ina 'yata, ƙawarsa mai ja masa gemu. Na gaya masa. Ya zauna a ƙasa, babban mutum, hawaye na zuba.

Ya ce, "Da na ce duk mai yunwa, na cire gidanka ne?"

Kalgo kuwa ta ba ni sunan da na nema, ana kawo mini ajiya daga nesa. Matata ta zauna da ni har ta rasu, ba ta sake tayar da zancen ba. Amma duk ranar da wani ya yabi amanata a gabanta, sai ta tashi ta shige ɗaki.